Kurakuran da masu rubuta soyayyar zamanin sarakuna suka fi yi

Yawancin marubutanmu in sun ce za su kai labarin soyayya zamanin sarakuna, kaya kawai suke sauyawa, a sa wa jarumi alkyabba a ɗora shi kan doki, ita kuma a ɗaura mata saƙi, amma bakinsu da tunaninsu na 'yan jami'ar yau ne sak.

Fara da tsayar da shekara tukuna. "Zamanin da" ba lokaci ɗaya ba ne. Kanon Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, daban take da Kanon bayan jihadin 1804, ita ma daban da ta bayan 1903 da Turawa suka ci garin. In kin ɗauki zamanin Rumfa to Kasuwar Kurmi na nan, amma don Allah kar kuyanga ta shigo da tuwon masara da miyar tumatir da barkono, duk ukun nan daga nahiyar Amurka suka fito, a lokacin ba su iso nan ba. Gero da dawa, miyar kuka, daddawa, masoro da kimba, sun ishe ki girki.

Kuɗi ma haka. Naira 1973 ta zo, kafin ita fam da sule ne, kafin su kuma wuri. Sadaki a 1850 da wuri za a ƙirga shi, zambar kaza, ko keso guda wato wuri 20,000, kuma ɗan dako ne zai sunkuyo da shi ba aljihu za a zaro ba. Lefe kuwa a kwando, ba saitin akwati ba. Sai agogo, "mu haɗu ƙarfe huɗu" haba! Hantsi, azahar, la'asar sakaliya, almuru.

Amma inda aka fi kwafsawa shi ne haɗuwar masoyan kanta. Sai ka ga 'yar sarki ta fito ita kaɗai ta tsaya zance da ɗan maƙeri a bakin ƙofar gari, har tana ce wa mahaifinta ita fa zuciyarta ta riga ta zaɓa, a gaban fadawa. Ina jakadiya, ina uwar soro, ina kulle? Ni a ganina nan ne ma daɗin labarin yake, marubuci ya tsallake shi don sauri. Saƙo ta hannun tsohuwa mai tallan kayan ƙamshi zai bi, ko ƙwaryar goro da aka aiko ba a faɗi mai ita ba, ko baiti ɗaya a waƙar gaɗa a dandali wanda mutum ɗaya tak ya gane da shi ake. Yarinya za ta iya yin taurin kai, sosai ma, sai dai ta hanyar zamaninta, ta ƙi cin abinci, ta gudu gidan gwaggo, ta ƙi buɗe baki ran da aka kai ta.

Wasu kuma sun yi karatu har ya yi yawa, shafi biyar ana jero Galadima, Madaki, Ciroma, Makama, jaruma na can an manta da ita a ɗaki. In ka sa labarinka a basasar Kano ta 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa (magoya bayan Yusufu), ba sai ka ba mu darasin tarihi ba, nuna mana saurayi a ɓangare ɗaya, surukinsa a ɗaya ɓangaren.

Kafin ki tura babi, karanta wa kaka ko wata dattijuwa a unguwa. Duk inda ta ce "a'a, mu ba haka muka ji ana yi ba", sa alama a wurin ki koma ki gyara.