Kafin ka canza turbo

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi. In ka taka totur a hanyar Gumel, mota ta fizga sannan ƙarfinta ya zube, ka kashe ka kunna ta dawo daidai, kada ka yi saurin sayen turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. Mai yiwuwa iska ce ta yi wa inji yawa, kwamfutar motar ta rage ƙarfi don kare shi. A jona na'urar gano matsalar mota, in hakan ne yawanci za ta nuna P0234, lambar da ke nufin iskar turbo ta yi yawa.

A Sharan ko Golf mai dizal, a motsa sandar jikin turbo. In ta cije, baƙin hayaƙi ne ya daskare a fikafikan ciki, sau da yawa wanki ya isa. Mai fetur kuwa, fara duba siririn tiyon roba da ke haɗe da turbo, zafin ƙasarmu na tsattsaga shi, sannan bawul ɗin N75, mai daidaita yawan iskar da turbo ke turawa. Ni sai da na yi asara na gane.