Yadda ake kai yaro gidan tarihin jirgin ƙasa na Ebute Metta a hutun Sallah

Mu mazauna Legas, yawon Sallar yaranmu bai cika wuce gidan gwaggo a Agege ko gidan kawu a Idi Araba ba, a karɓi goron Sallah a dawo. Bara na ƙudura cewa sai 'yata ta ga irin hanyar da kakanta ya biyo daga Kano ya zo Ikko, domin a jirgin ƙasa ya zo. Ga yadda za ka shirya irin wannan fita.

Da farko ka raba ta kwana biyu: rana ɗaya ta gidan tarihi, rana ɗaya ta shiga jirgi. Ranar Idi kuwa ka bar ta ga Idi, musamman a Babbar Sallah da ake fama da aikin nama. Washegari da rana ta uku sun fi. Ni dai ina ganin gidan tarihin ya kamata a fara, don yaron da ya ga tsoho da idonsa shi ne zai san darajar sabo in ya zauna a cikinsa.

Na biyu, ka sayi tikiti tun kafin Sallah ta zo. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya tana sayar da tikitin layin Legas zuwa Ibadan ta intanet, kuma lokacin bukukuwa kujeru kan ƙare da wuri. Ka duba lokacin tashi da na dawowa tare, domin jiragen ba su da yawa a rana. Ka nema wa yaro kujerar bakin taga, ka riƙe katin shaidarka. Shi ma gidan tarihin ka tabbatar yana buɗe a ranar da ka zaɓa kafin ku baro gida.

Na uku, gidan kansa. Sunansa Jaekel House, yana cikin harabar ma'aikatar jirgin ƙasa da ke Ebute Metta. Bene ne na zamanin Turawa da aka gina a 1898, lokacin da ake aikin shimfiɗa layin dogo daga Legas. An sa masa sunan Francis Jaekel, tsohon babban jami'in jirgin ƙasa, kuma ƙungiyar Legacy 1995 ce ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi. A ciki akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin ma'aikatan jirgi na da.

A nan ne iyaye da yawa kan yi kuskure: su ja yaro daga wannan hoto zuwa wancan suna karanta masa rubutu har ya gaji. Ka bar shi ya tsaya inda idonsa ya tsaya. 'Yata ta daɗe gaban wani hoton jirgi mai hayaƙi, can ta juyo ta ce, "Baba, wuta ce ta kama shi?" Sai na durƙusa daidai tsawonta na bayyana mata cewa gawayin kwal ake zubawa a wuta, wuta ta tafasa ruwa, tururin ya tura ƙafafun ƙarfe, kamar yadda murfin tukunya yake rawa in ruwan tuwo ya tafasa. Daga nan labari ya buɗe: layin ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, kuma shi ya riƙa kwaso buhunan gyaɗa daga dalar gyaɗa ta Kano zuwa bakin teku. Ka tanadi irin waɗannan 'yan bayanai uku ko huɗu a kanka, sun isa. In akwai tsoho a gida da ya taɓa yin tafiyar jirgi daga Kano zuwa tashar Iddo ta Legas, ku kira shi a waya daga wurin ya faɗa wa jikansa yadda ake kwana a hanya.

Na huɗu, ranar jirgi. Ku isa tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta da wuri, ko tashar Agege in ta fi muku kusa, saboda binciken kaya da layin shiga. An buɗe wannan layin a watan Yunin 2021, tsawonsa kusan kilomita 157 zuwa Moniya a Ibadan. Ga ƙaramin yaro, sauka a Abeokuta ya wadatar, ku je ku ga dutsen Olumo in da lokaci. Tun kuna kan dandamali ka nuna masa faɗin dogon: tsohon layin da kakansa ya hau ƙafa uku da rabi ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sabon kuwa ya fi ƙafa huɗu da rabi. Ka riƙe hannunsa gam a wurin, kada ya matsa bakin dandamali.

Guzuri kuma: ruwa, cincin, ɗan dambun nama ko soyayyen naman layya a leda, da rigar sanyi, domin na'urar sanyaya ɗakin jirgin tana da ƙarfi kuma kayan Sallah ba su da kauri. Ka kai shi banɗaki kafin a shiga, ka kuma tsara lokacin sallarku da jadawalin jirgi.

Wayarka ka sa ta aljihu bayan hoto biyu ko uku, ka zauna kusa da shi ku kalli taga tare. Da muka bar cunkoson gidajen Agege daji ya fara bayyana, 'yata ta manna goshi a gilashi tana ƙirga bishiyoyin kwakwar manja, ta ce in mun koma gida sai ta gaya wa Kaka nata jirgin ba ya hayaƙi.