In mai gida ya ce ka tashi, ga abin da za ka yi kafin ka fara ɗaure kaya

Wani maƙwabcina a Agege ya dawo daga kasuwa da yamma ya tarar an cire ƙofar ɗakinsa, an jingine ta a jikin bango, matarsa na zaune a kan katifa da yara biyu, labule kawai ya raba su da tsakar gida. Bashin hayar wata uku mai gida ke binsa. Washegari ya kwashe kayansa ya kai shagon wani ɗan garinsu, iyalin kuma ya tura su gida. Bai san cewa a ranar mai gidan ne ya taka doka ba.

To farko dai, in aka ce ka tashi kar ka yi faɗa, kar ka zagi kowa, ka ce ranka ya daɗe a ba ni a rubuce. Maganar baki ko saƙon da ejan ya kawo yana tsaye a bakin ƙofa ba ta isa a fitar da kai ba.

In takardar ta zo ka zauna ka duba kwanakin da aka ba ka. A dokar haya ta Legas ta 2011, mai biya wata-wata notis ɗin wata ɗaya ne, mai biya duk wata uku wata uku, mai biyan shekara kuma wata shida, dokar Abuja ma haka take a kan waɗannan. Amma fa wannan in ba ku rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba ne, in ka sa hannu a takardar da ta ce wata ɗaya to wata ɗayan ne, shi ya sa nake jin haushin masu sa hannu a tsaye saboda ejan na sauri. Kuma in hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce, ta ƙare, ba sai an ba ka wata shidan nan ba. Kowace jiha da tata dokar, wanda ke Mararaba ya sani a Nasarawa yake ko da kullum a Abuja yake wuni.

Bayan wancan notis ya ƙare akwai na biyu, na kwana 7, wanda mai gida ke sanar da kai cewa zai je kotu neman gidansa. Daga nan sai sammaci, sai zama, sai hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke zuwa su fitar da mutum, mai gida ba ya zuwa da yaran unguwa. Cire kwano, canja kwaɗo, watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne. A Legas laifi ne da ke da tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida.

Ko gwamnati ba a ɗaga mata ƙafa ba a kan wannan. Gwamnatin soja ta Legas ta tura jami'ai da makamai suka fitar da Ojukwu daga gida mai lamba 29 a Queen's Drive, Ikoyi, alhali magana na gaban kotu, a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da abin ta kuma ƙi ba gwamnatin abin da ta zo nema. To in gwamna bai isa ba, ina ga Alhaji mai ɗaki takwas. In an yi maka haka, ɗauki hoto da bidiyo tun kafin ka taɓa komai, samu maƙwabta biyu da suka gani, kai rahoto ofishin 'yan sanda don a samu a rubuce, sannan ka nemi lauya, kana iya neman diyya. In babu kuɗin lauya ka je ofishin Legal Aid Council na jiharku, wato hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta.

Amma bari in faɗa wa 'yan uwana 'yan haya maganar da ba sa son ji. Da can in aka samu kuskure ko na kwana ɗaya a notis, lauya sai ya rushe shari'ar a koma farko, mutum ya yi ta zama shekara da shekaru. A 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Pillars da Desbordes, rigimar wani fili a Surulere da aka fara tun 1993, inda Mai Shari'a Ogunwumiju ta nuna cewa in dai an shigar da ƙara an kai maka sammaci to ai ka san ana son gidan, ɗan kuskuren notis ba zai zama mafaka ba. Lauyoyi har yau suna ja-in-ja a kan iyakar wannan magana, ni dai ba zan ba ka shawarar ka jingina da kuskuren notis ba.

Abin da zai fi tsaya maka a gaban alƙali shi ne rasit. Duk biyan da ka yi ka karɓa, in tiransifa ne ka rubuta "kuɗin haya" da watan, ka ajiye alat ɗin. Kar ka daina biya don an ba ka notis, duk kwanan da ka ƙara bayan wa'adi kotu za ta lissafa maka kuɗinsa. In sammaci ya zo ka je ranar da aka sa, rashin zuwa ne ke sa a yanke hukunci a bayan idonka, kuma in ka je kana iya roƙon alƙali ya ba ka ɗan lokaci ka nemi wani wurin, ka tafi da rasit ɗinka da yarjejeniya da notis ɗin duka a leda ɗaya.