Yadda nake haɗa ƙaramin PLC da injin famfo

Kafin ka taɓa sukudireba, karanta abin da aka rubuta a goshin PLC ɗin, wato ƙaramar na'urar da ake tsara wa umarni da kwamfuta don ta riƙa kunna inji da kashe shi. Zan yi misali da LOGO! 8 na Siemens, domin yana da sauƙi ga mai koyo: mashiga takwas, I1 zuwa I8, da mafita huɗu, Q1 zuwa Q4. Akwai 12/24RCE mai cin wutar DC, akwai kuma 230RCE mai cin wutar gida kai tsaye, kuma kamarsu ɗaya. Wanda ya ba na farkon wutar 230 ya ƙone shi nan take. Ni na fi son mai 24, saboda maɓallan da mutane za su riƙa dannawa da jiƙaƙƙen hannu ba sa ɗauke da wuta mai kisa.

Kashe breka, ka auna da mita ka tabbatar babu wuta, sannan ka maƙala na'urar a kan ƙarfen DIN, wato siririn ƙarfen da ake jera kayan wuta a kai, mai faɗin milimita 35. Daga abin da ke sauya wuta zuwa 24 DC, wayar tara ta bi ta fis ta shiga L+, ta ragi kuma ta shiga M.

Maɓalli uku nake kawowa. Na kunnawa kore ne, a buɗe yake sai an danna ya haɗe: waya daga L+ zuwa maɓallin, daga maɓallin zuwa I1. Na tsayarwa ja ne, kuma a nan ne nake taurin kai. Dole ya zama irin wanda yake a haɗe kullum, dannawa ce ke yanke shi, ya tafi I2. Dalili kuwa, waya tana tsinkewa, ɓera yana ci, girgizar inji tana kwance sukuru. In maɓallin tsayarwa a buɗe yake zama, ranar da wayarsa ta katse babu wanda zai sani, sai lokacin da ake neman tsayar da injin a danna a ga yana ta gudu. In a haɗe yake, da wayar ta katse injin zai tsaya da kansa, a zo a duba. Haka ma na'urar kariyar lodi da ke ƙarƙashin kwantakta, wato babban makunnin da ke ba injin wuta: ka ɗauki ƙafafunta 95 da 96, su ma a haɗe suke, ka kai I3.

Maɓallin gaggawa kuwa ba na barin sa a hannun manhaja. Da waya nake sa shi ya yanke wutar kwayil ɗin kwantakta kai tsaye, wato naɗin wayar da ke jan kwantaktan ya haɗe in ya sami wuta.

Mafita tana ruɗa masu koyo. Q1 ba ya ba da wuta, makunni ne kawai mai ƙafa biyu. Kai za ka kawo wuta ƙafa ɗaya, ɗayar ta tafi A1 na kwantakta, A2 ya koma ɗaya layin. Kada ka ɗora injin a kan Q1, ko da ka ga an rubuta amfiya 10. Wannan na kaya irin hita ne, ga kwayil da inji amfiya 3 ne iyaka. In kwayil ɗin na DC ne, sa masa diyod a tsakanin A1 da A2, gefen mai zobe yana kallon tara, don tartsatsin da yake yi in an yanke wuta kada ya cinye makunnin.

Sai kwamfuta. Buɗe manhajar LOGO!Soft Comfort ka zaɓi zanen tsani, wato salon da ake zana makunnai layi-layi kamar matakan tsani. Layi ɗaya ya isa: I1, a ƙarƙashinsa Q1 a matsayin hanya ta biyu, sai I2, sai I3, a ƙarshe kwayil ɗin Q1. Wannan Q1 na ƙasa shi ke riƙe injin bayan ka ɗage yatsa. Abin lura, I2 da I3 da alamar buɗaɗɗen makunni za ka zana su, duk da cewa a zahiri a haɗe suke. Na'urar ba ta ganin maɓalli, abin da take tambaya kawai shi ne ko akwai wuta a ƙafar. Mutane da yawa suna zana I2 rufaffe, sai injin ya ƙi tashi sai an danne ja.

Gwada shi a kwaikwayon da ke cikin manhajar tukuna, ka saita I2 da I3 a matsayin masu zama a haɗe. Sannan ka haɗa wayar Ethernet, ka duba adireshin IP a fuskar na'urar, ka ba kwamfutarka adireshi na gida ɗaya da shi, lambar ƙarshe kawai ta bambanta, ka tura.

Gwajin farko, cire wayoyin injin daga kwantakta. Danna kore ka ji "ƙas", danna ja ka ji ya saki. Sake kunnawa, ka zare wayar I2 daga mazauninta: dole kwantakta ya saki. Ka ɗauke wuta gaba ɗaya ka dawo da ita, ka tabbatar bai tashi da kansa ba. Bayan nan ne za ka mayar da wayoyin injin, ka taɓa kore na ɗan lokaci ka ga ko ta daidai yake juyawa. In ta baya ne a inji mai layi uku, kashe breka ka musanya biyu daga cikinsu.