Yadda za ka zuba labaran RSS a Mastodon ba tare da ƙ da ɗ sun koma shirme ba

Ba zan tsaya koya maka buɗe asusu a Mastodon ba. In ka iya buɗe Facebook a wayar da ka sayo a Farm Centre, wannan ma za ka iya. Bambancin kawai shi ne sai ka zaɓi sabar da za ka zauna a kai, tunda dandalin da Eugen Rochko ya fara a 2016 ba a hannun kamfani ɗaya yake ba. Matsalar tana farawa ne bayan nan, lokacin da mutum ya haɗa shafinsa na labarai da asusun ta hanyar RSS (jerin sababbin labaran shafi da manhaja ke iya ɗaukowa da kanta), ya juya baya, na'ura ta yi ta zubo rubutu kamar an kwance bakin buhun gero. Na ga yara da yawa a Kano sun yi haka, daga baya su dawo suna cewa wai babu kowa a Mastodon. Akwai mutane, rubutun ne ba ya karantuwa.

Da farko ka tsara siffar kowane rubutu, kada ka bar wa manhajar da ke ɗauko labaran ta zaɓa maka. Yawancin sabobi haruffa 500 suke bayarwa. Ni dokata ita ce: kanun labari a sama, a bar layi ɗaya fanko, jimla ɗaya ko biyu, a sake barin layi, sannan linki. Kada ka bari dukan taƙaitaccen bayanin da ke cikin RSS ya shigo, domin zai cike gurbin a yanke shi a tsakiyar kalma. Kuma ka daina gajarta linki. Mastodon haruffa 23 yake ƙirga wa kowane linki komai tsawonsa, don haka gajartawar ba ta rage maka komai ba, sai dai ta ɓoye wa mai karatu inda za ka kai shi.

Halin WhatsApp ma a ajiye shi a ƙofa. Taurari biyu da muke sa wa kalma don ta yi kauri ba sa aiki a Mastodon na asali, haka za su fito tsirara. Su kuma haruffan nan masu ado da ake kwafowa daga wasu shafuka ba su da ƙ, ba su da ɗ, ba su da ɓ, kalma sai ta fito rabi da kitso rabi babu, kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo ba ta iya furta su yadda ya kamata.

Yanzu ga inda ni na faɗi. Na taɓa haɗa wa ƙungiyar unguwarmu shafinsu, inda suke saka sanarwa da farashin hatsi na Dawanau. Na gama da dare, na kwanta ina jin kaina gwani. Bayan sallar asuba wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare, ya tare ni a ƙofar masallaci ya miƙo min wayarsa. Ya ce, "Ɗana, wannan Hausa ce ko wani yaren aljanu?" Na duba, sai ga kanun labari: Ma&#8217;aikatan Æ™aramar hukuma. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, zan duba." Kwana biyu na yi kafin in gane cewa ciwo biyu ne daban, ni kuma ina ta neman magani ɗaya.

Na farko shi ne wannan &#8217;. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, yana mayar da alamar da muke sawa a 'yan, 'ya'ya da ma'aikata zuwa mai lanƙwasa, ya rubuta ta da lambar HTML. Birawuza ta san fassarar lambar, amma Mastodon rubutu tsura yake karɓa, abin da ka ba shi shi zai nuna. Bature ba ya cika jin wannan ciwon sosai, mu kuwa da ƙyar za ka gama sakin layi ba ka ci karo da alamar ba. Maganin shi ne manhajarka ta warware lambobin HTML, ta kuma share alamomi irin su <p> kafin ta tura. In da Python kake aiki, html.unescape ya ishe ka wajen warware lambobin, layi ɗaya ne. In kuma manhajar da aka gama haɗawa ce kuma ba ta da wannan saitin, ka sauya ta, musamman in kuɗi kake biya da dala duk wata.

Na biyu shi ne Æ™. A tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, harafin ƙ bayit biyu ne, wato guntun bayani biyu. Idan wani abu a hanya ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa: ƙ ta zama Æ™, ɗ ta zama É—, ɓ ta zama É“. Buɗe adireshin RSS ɗin a birawuza, ka dubi layin farko, ka tabbata an rubuta UTF-8. In yana nan, to galibi laifin na manhajar da ke tsakiya ne, can za ka bi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar ragwaye ta mayar da kowace ƙ zuwa k. Baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ƙasa da kasa.

Kafin ka saki, ka yi gwaji da kanun da ya tara duk masifun, kamar: 'Yan kasuwa sun ƙara kuɗin ɓawon gyaɗa. Ka tura shi, sannan ka duba shi daga asusun wani da ke wata sabar daban, ba daga naka kaɗai ba, domin ta ActivityPub, tsarin da ke haɗa sabobin, rubutun ke ƙetarawa, kuma kowace manhaja da yadda take nuna shi.

Alamar # ma tana da nata tarkon. Tana tsayawa ne da zarar ta iso alamar nan da ke cikin 'yan da ma'aikata, don haka #Ma'aikata zai koma #Ma kawai. Rubuta #Maaikata, ko ka nemi wata kalmar. Kowace kalma ta fara da babban harafi, #KantinKwari, a sa biyu ko uku a can ƙasa. Kada ka raina su, nan babu na'urar da za ta tallata maka rubutu, da su ake samun ka.

Sauran ba wuya. Shiga saiti ka nuna cewa asusun mai sarrafa kansa ne, ka sa harshen rubutu ya zama Hausa don masu tace harshe su gan ka. Kada na'ura ta zubo labari ashirin a lokaci guda, wasu masu kula da sabobi za su toshe ka. Ɗaya a awa ya wadatar. Hoto ni ba na haɗawa, don in ka haɗa, katin da linki ke fitarwa ba zai bayyana ba, ga cin data. In dole ne, ka rubuta bayanin hoton, na haɗarin mota kuma a sa masa gargaɗi ya rufu. In kana turawa dandalin Bluesky ma, shi haruffa 300 ne, sai ka yi masa nasa tsarin, kanu da linki kawai.