Yadda za ka tono tarihin kakanka bafatake

Yawancinmu a zangon Kumasi abu ɗaya muka riƙe: kakanmu daga Arewa ya zo fataucin goro. Ta wace hanya, a ayarin wane madugu, sai a yi shiru. Masu amsar kuwa suna ta ƙarewa.

Fara da tsofaffin mata. Maza za su ba ka sunan gari da kirari, amma gwaggo ce ta san dalilin da ya sa bai koma gida ba. Je mata bayan la'asar da goronka a hannu, ka zauna ƙasa, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryarta a waya.

Kada ka tambaye ta shekarar da ya zo. Ka ce, "Gwaggo, kafin yaƙin Salaga ya zo ko bayansa?" Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa fataken Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Gana, zuwa Kete Karaci da Yeji da sauran garuruwa. Idan ta ce ya tarar da jirgin ƙasa a Kumasi, to bayan 1903 ke nan. Korar baƙi ta zamanin Firaministan Gana Busia a 1969 ma ma'auni ce, sai dai ka bi a hankali, don gidaje da yawa a nan suka rabu.

Maganar da ya bari, kada ka karɓe ta tsirara, ka nemi labarin da ya haife ta. A gidanmu na Aboabo an saba cewa, "Buɗe huhu tun kafin kasuwa." Kakan mahaifina ne mai ita. Ya baro ƙasar Kano yana saurayi, da kanwa a kan jakuna. In an juyo da goro, kowane 'yan kwanaki sai ya sauke kaya, ya kwance ganye, ya tsince mai sankara, ya yayyafa ruwa, abokan tafiya suna gunagunin yana ɓata lokaci. Har yau da wannan maganar ake sa 'yan'uwa su zauna su warware ƙaramin saɓani kafin ranar biki.

Sannan ka nemi a buɗe maka akwatin ƙarfe ko gafaka. In akwai takardun ajami, ɗauki hotonsu a inuwa, ka kai wa malamin da ya iya karatunsu, asalin kuma ya zauna a gida. In gwaggo da baffa sun saɓa, rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.