Yadda Ake Bitar Wasan Ches Bayan Gasa

Yawancin yaranmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra da ke zuwa gasa, kafin trotro (motar haya) ta sauke su sun riga sun zuba wasansu a Lichess, shafin ches na intanet. Stockfish, manhajar da ke nazarin wasan ches, ya nuna musu inda suka yi ɓarna, su ce "kash", su mayar da waya aljihu. Mako mai zuwa a sake kama su a wuri guda.

Mataki na farko, ka bar waya. Ɗauko takardar da ka rubuta takun wasa, ka jera allo na gaske, ka bi wasan da hannunka. Duk inda ka daɗe kana tunani, rubuta abin da ka ji tsoro da abin da ka yi niyya. A ranar za ka yi wannan, kafin kwana ya shafe. Shi ya sa nake tilasta wa ɗalibai rubuta lokacin agogo a gefen kowane taku.

Na biyu, buɗin wasa, kuma nan ne aikin yake. Nemo takun farko da haddarka ta ƙare ka fara lalube. Misali kana buga baƙaƙe a buɗin Italiya (N doki ne, B bishof, x kuma cafkewa): 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5. Sabon shiga sai ya cafke sojan da doki, 5...Nxd5, fari ya sadaukar da nasa dokin da 6.Nxf7, ya jawo sarkinka tsakiyar fili. Abin da manya ke bugawa shi ne 5...Na5, a kori bishof, a haƙura da soja ɗaya don a samu sarari. Kada ka haddace taku 20 daga nan. Taku ɗaya da dalilinsa, a littafi, da biro. Sannan ka duba rumbun wasannin gwanaye na Lichess ka bi wasa biyu da aka buga haka. Kyauta ne, ba ya cin data sosai.

Sai yanzu za ka kunna Stockfish, ka gwada abin da ka rubuta da abin da ya ce. Bambancin 0.3 a awon da yake nuna wanda ke gaba bai shafe ka ba, nemi inda awon ya yi tsalle.

Ƙarshen wasa kuwa, in sojoji da sarakuna suka rage, ka sake buga shi da aboki daga wannan matsayi, ku yi musayar launi.